Mai Gas da Kazar Cikin Latas

Ku gyara zama, masu karatu, yau daga kicin zan ɗauko muku zancen, don can rayuwata ta koma tun da Baba ya kwanta. Ga wanda bai san ni ba, ni ce Auta a gidanmu, kuma duk da na haura ashirin da bakwai ba wanda ya ga dalilin sauya min suna. Da ina koyarwa a wata firamare. Ranar da ɓarin jikin Baba ya shanye na ɗauki ɗan hutu a wurin aiki, hutun da har yau ban dawo daga shi ba.

Sai kun san waye Baba kafin ku fahimci sauran. Hedimasta ne mai ritaya, mutumin da ban taɓa gani da riga mai launi ba. Fara ce kullum, a goge, da alƙalami a aljihun gaba. A zamaninsa yana iya mayar da yaro gida saboda ɗigon mai guda a ƙirjin yunifom. To wannan mutumin ne ciwo ya kwashe wa hannun dama, ya bar masa na hagu yana rawa, harshensa ya yi nauyi. Cokali ya zama abokin gabarsa. Kafin ya kai baki rabin abincin ya sauka a gaban riga, sauran kuma sai ka ji ƙarfen yana karo da haƙoransa. Sai kawai ya daina ci. Umma ta yi lallashi, ta yi kuka, Yaya ya yi faɗa irin na babban ɗa, aka gwada ba shi a baki ya juya fuska ga bango. Muna kallo rigunansa suka yi masa yawa.

A asibitin da ake duba shi na haɗu da mutumin da ya jawo wannan labarin. Shi ne mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, dogo, mai ɗan sanƙo, wanda ya duƙa ya sa wa Baba takalmi ba tare da ya ce masa sannu ba. A wayata sunansa Mai Gas. Kada ku yi min dariya, Yaya yana da ɗabi'ar ɗaukar wayar kowa kamar tasa, kuma ba wanda yake buɗe hirar mai gas.

Wata rana bayan an sallame mu, Yaya ya wuce da Baba gida, ni na tsaya karɓar magani, sai Mai Gas ya ce lallai in zo in ci wani abu a gidan abincin da ke tsallaken titi. Irin wurin nan ne mai sanyin na'ura da kujeru masu laushi, inda ake miƙo maka tsumman goge baki a naɗe kamar kyauta. Aka kawo mana faranti biyu, ɗaya da soyayyiyar kaza ƙanana-ƙanana tana tururi, ɗaya da ganyen latas a jere kamar ƙananan kwanuka. Na ce masa in ganye yake son ba ni, ai da ya kai ni lambu. Bai tanka ba, don an kira shi daga wurin aiki. Wayar tana kunnensa, ya miƙa hannu guda ya ɗauki ganye ya ɗebo kazar da shi, ya ɗan matse, ya kai baki. Hannu ɗaya, ba cokali, ba ƙara. Na daina tsokanar, na zauna ina kallon hannunsa har ya tsargu. Daga can kasuwa na wuce.

Na farko da na yi, miya ce kawai a cikin ganye. Na biyu ya bushe kamar tsakuwa. Na ɓata kaji ba kaɗan ba kafin na gane sirrin, kuma tun da ku nawa ne bari in ba ku. Cinya ake amfani da ita, ba ƙirji ba, a cire ƙashi a daddatsa da wuƙa, kada a kuskura a niƙa. Kasko sai ya yi zafi har ya fara hayaƙi, a zuba naman kaɗan-kaɗan, don in aka cika sai ya fitar da ruwa ya koma dahuwa. Idan gefensa ya yi ja a sa tafarnuwa da ɗanyar citta da albasa, sannan karas da aka yanka sirara don a ji ƙaras-ƙaras. Soya sos, ruwan ɗanɗanon nan mai gishiri, kaɗan nake sawa saboda hawan jinin Baba, in cike gurbin da ruwan lemun tsami da ɗigon man riɗi, in dama garin masara rabin cokali in zuba don romon ya kama naman kada ya ɗiga. Latas kuwa a ruwan ƙanƙara yake ɗan kwanciya, in shanya shi a tawul ganye-ganye, in fere jijiyar tsakiya yadda zai naɗu ba tare da ya karye ba.

Ranar da na kai wa Baba na ajiye a ƙaramin teburin gefen hagunsa, na koma kujerar bakin taga na ciro waya, don Mai Gas yana ta tambaya ko an dace. Da na ɗago, farantin fes. Umma har da sujada a tsakiyar falo. Ni ma na yi ta murna, ban san ƙofa na ja na rufe wa kaina ba.

Daga nan abin ya zama doka. Rana da yamma Auta ce, kazar latas ce, ko kifi a latas, ko ƙwai a latas. Baba ya fara mayar da jiki. Ni kuma na daina zuwa ko'ina da zai hana ni dawowa kafin azahar. Bikin aminiyata a waya na gan shi. Ɗinkin da na yi dominsa, leshi ruwan zuma mai duwatsu a wuya, yana nan rataye cikin ledarsa, ni kuma kullum ina cikin doguwar rigar nan ruwan toka da ta sha tafarnuwa har sabulu ya sallama mata.

Sai aka yi wa Mai Gas canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, ya ce ba ya son ya tafi bai bar magana a gidanmu ba. Na sami Yaya a falo ya dawo daga ofis, bai ko cire kwat ba, yana kaɗa makullin mota a yatsa, Umma tana ninke wanki a gefe. Ya saurare ni har ƙarshe, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Ashe tuni ya gano mu, ya ce har ya yi bincike, yaron ba shi da aibu, kuma shi ba mai hana ƙanwarsa aure ba ne.

“Amma ki faɗa min, in kin tafi wa zai ba Baba abinci?”

Na ce ai ga Umma, ga Anti matarsa.

“Kin ga ya taɓa ci a hannunsu? Ranar da Baba ya ci daga hannun wani, ranar ki ce su turo. Kafin nan kada maganar nan ta shiga kunnensa. In jininsa ya hau a kan wannan, ke kika sani.”

Na kalli Umma ko za ta ce wani abu. Ta ci gaba da ninke zanen gadon da ta riga ta ninke. Ban ji haushinta ba, tsoro ne fal a fuskarta, tsoron ranar da za a bar ta da miji mai juya fuska ga bango. Amma a ranar na ji gidanmu ya yi min ƙanƙanta, har numfashi sai na fita tsakar gida nake samu.

Saƙon Mai Gas ya shigo ina wanke kasko.

“Yaya aka yi?”

“An ce sai Baba ya ci girkin wani.”

“To ki koya wa wani mana. Ba malama ba ce ke?”

“Kana ganin wasa ne.”

“Ba wasa nake ba. Kawuna ya zo gari, ran Lahadi zai koma. Shi ne zai shige min gaba. Me zan ce masa?”

Na ajiye wayar, na tafi neman Anti.

Anti matar Yaya ce, suna zaune a sashen baya. Mace ce mai zuciya kamar auduga, tallar madarar jarirai ma in aka sa a talabijin sai ta share hawaye. Ta zo kicin da safe cikin shirin yaƙi, ta cire awarwaronta ta zuba a kofi, ta ɗaure ɗankwali tamau, ta ce in dai wannan ne zai kai ni ɗakin miji, ko latas ɗin gari za ta ƙarar. Na tsaya a kanta kamar mai kula da jarrabawa. Ta so ta jefa naman a injin niƙa na riƙe hannunta. Ta so ta rage wuta don hayaƙin ya ba ta tsoro na mayar. Da ta ɗauko gishiri da dunƙulen ɗanɗano har biyu, sai da na ɓoye gwangwanin a bayan firji.

“Auta, wannan ai ba abinci ba ne, aikin tiyata ne.”

“Fere jijiyar dai, Anti.”

“Mijin nan naki ya san cewa saboda shi nake wa ganye aski?”

Muka yi ta yi har hannunta ya faɗa. Ranar Alhamis ta yi shi ita kaɗai daga farko har ƙarshe, na ɗanɗana, na rantse muku da idona a rufe ba zan bambance da nawa ba. Ta ɗauki tire ta nufi ɗakin Baba, ni na laɓe a kicin na jingina da firji. Ina jiyo muryarta tana ta yi masa sannu. Ba a jima ba ta dawo, idanu jajur, farantin yadda ya tafi, ganye ɗaya ne kawai aka gutsura aka ajiye.

Umma ta ce hannu ne, kowa da albarkar hannunsa. Yaya da ya ji labari ya ɗaga kafaɗa, irin ta ai na faɗa miki. Ni kuwa abin ya tsaya min a rai, don na san abin da harshena ya ji.

Washegari na ce da Anti mu yi dabara. Na dafa da hannuna, na naɗa da hannuna, na ba ta ta kai, ban ce a faɗa masa komai ba. Ya dawo ko taɓawa ba a yi ba. Girkina, wanda yake sharewa kullum. Na tsaya ina kallon farantin. Da a ce gishiri ne ko citta, da na gyara. Da yanka ne, da na koya mata har ta ƙware. Amma in ba abincin ba ne, ni ce, to ni ta yaya zan koya wa wani zama ni? Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kukana, don a gidanmu ko kuka sai ka nemi inda ba zai tayar da hankalin mara lafiya ba.

Da la'asar na san yunwa ta ci shi. Na ɗauko ragowar kazar Anti ta jiya daga firji, na ɗumama a kasko, na jera sabon latas, na shiga. Ɗakin yana nan yadda kuka san ɗakin jinya, ƙamshin man zafi, kwalaben magani a kan durowa, na'urar gwajin jini a naɗe kusa da rediyo. Yana zaune a kujerarsa cikin farar riga da Umma ta goge da safe. Na ajiye a hagunsa, na koma bakin taga, na ciro waya. Saƙo yana jirana.

“Kawu ya sake tambaya. Ba na son in matsa miki, amma ki ce min wani abu, ko a'a ne.”

Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Ina cikin haka na ji ƙaras-ƙaras a bayana. Yana ci. Girkin da ya ƙi jiya da zafinsa, yau yana cin ɗumamensa.

“Auta.”

Maganar Baba yanzu a hankali take fitowa, kalma-kalma, sai ka ba ta lokaci.

“Wannan ba naki ba ne. Karas ɗinta ya fi naki girma.”

Na juyo. Na ce to Baba, tun da ka sani, me ya sa ka ci yanzu, jiya ka ƙi? Me ya sa ɗazu ka mayar da nawa? Muryata ta ɗan hau, abin da ban taɓa yi masa ba. Ya daɗe yana kallon ganyen da ke rawa a hannunsa.

“Ke ba kya kallona.”

Ban gane ba, sai da ya ƙara. Ya ce uwata in ta kawo abinci tsayawa take a kansa tana ƙirga masa loma, bakinta yana motsi tare da nasa. Matar yayana kuwa da tsumma take zama a hannu, kafin abu ya ɗiga ta miƙo, tana sannu Baba, sannu Baba, idonta taf da ƙwalla. Ya ce shi da ya yi shekara da shekaru yana tsayawa a gaban ɗalibai, yau an zo ana kallon yadda yake kai hannu baki.

“Ke kuwa ki ajiye, ki ba ni baya, ki kama wayarki. Sai in ci kamar mutum.”

Masu karatu, kun ji fa. Watanni ina jin kunyar kaina, ina cewa wace irin 'ya ce ubanta yana fama da loma ita tana hira da saurayi. Ashe abin da nake ɗauka laifi shi ne kaɗai abin da ke sa shi ci. Duk ferar jijiya da ruwan ƙanƙarar nan, rabin aikin ne kawai. Na rasa dariya zan yi ko kuka.

Ya goge yatsunsa a tawul ɗin da ke cinyarsa, ya ɗan karkato kai yadda yake yi in ya kama yaro da satar amsa.

“Wannan mai gas ɗin. Ina ganin sunansa in kin ajiye waya. Kullum sai ya sa ki murmushi. Gas ɗinmu ƙarewa yake kullum?”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Maganar Yaya ta dawo min, in jininsa ya hau ke kika sani. Na kalli na'urar gwajin jinin, na kalli jijiyar gefen goshinsa. Ƙarya tana bakina a shirye, in ce ƙawata ce na sa wa sunan don tsokana. Amma mutumin nan yanzun nan ya buɗe min abin da bai faɗa wa matarsa ba. Na durƙusa a gaban kujerar na faɗa masa komai, asibitin, mai ɗaukar hoton da ya sa masa takalmi, canjin aikin, kawun da zai koma ran Lahadi. Sharaɗin Yaya kawai na tsallake.

Ya ce ya tuna yaron, mai sanƙo. Ya tambayi me ya hana su zuwa. Na kama murza bakin rigata.

“Wa ake jira?”

Na ce ba kowa, Baba, shiri ne dai bai kammala ba.

“Ni ake jira.” Ba tambaya ya yi ba. Ya ja numfashi, gefen bakinsa da ya karkace yana rawa. “In ci a hannun wani, ko in mutu. Wanda ya riga zuwa.”

Na ce don Allah ya daina, ba wanda ya taɓa faɗin haka, ni ba inda za ni, na fasa, wallahi na fasa. Ina faɗa ina kuka, kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne a lokacin da gaske nake. Bai kula ni ba. Ya miƙa hannun hagu ya janye tawul ɗin daga cinyarsa, ya sake shi ƙasa.

“Kira min matar yayanki. Da uwarki.”

Suka shigo a tsorace, Anti da kumfar wanke-wanke a hannu, Umma tana gyara mayafi. Ya nuna musu bakin gado, daidai gabansa, ya ce su zauna. Anti ta hango tawul a ƙasa ta sunkuya za ta ɗauka, ya ce ta bar shi. Saura ganye biyu a farantin. Ya ɗauki ɗaya. Da idanu a kansa rawar hannun ta ninka, latas ɗin ya buɗe tun bai kai rabin hanya ba, naman ya zubo a ƙirjin farar rigar, romon ya bi layin maɓallai yana gangarawa. Umma ta yunƙura, ya ɗaga mata yatsa. Ya kai abin da ya rage bakinsa, ya tauna a hankali, ya haɗiye. Kunnuwansa sun yi ja, zufa ta tsattsafo masa a goshi. Bai kalli rigar ba, bai kalle su ba, ni yake kallo.

Ya ɗauki na biyun, ya dubi Anti.

“Gobe ke za ki kawo. Ki rage girman karas.”

A waje na ji hon ɗin motar Yaya, mai gadi yana jan ƙofa. Wayata ta yi motsi a tafin hannuna, ban duba ba na san tambayar da ke ciki. Sharaɗi ya cika, a gaban shaidu biyu, ba abin da ya rage sai in rubuta kalma ɗaya. Na sa yatsa a kan allon, Baba ya gyaɗa min kai alamar in rubuta, loma a bakinsa, maiƙo yana bin haɓarsa.

Tun da ya kwanta ban taɓa kallon shi yana ci ba sai yau, kuma yanzu na kasa ɗauke idona.